Shahon Isuhu Mai Radiyo

Ban taɓa mantawa da ranar da na fara ganin shahon Isuhu a sama ba, ko da yake a ranar ni na fi kowa yi masa faɗa. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya daga cikin aiki kafin in miƙa makullin buro, ofis ɗinmu, wannan zan ba ku. Ku masu sitaj da ke koyon aiki da sababbin shiga ku saurara da kyau, don akwai laifina a ciki, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Lokacin ni ne malamin gona na komin ɗin Gangara, wato ƙaramar hukuma, a ƙarƙashin buron noma na Gazawa. Ga wanda bai san tsarin ba, a ƙauyuka muna da birgadiye, wato manoman da muka horar su riƙa sa ido kan ƙwari da cututtukan shuka. In suka ga wani abu sai su kira ni, in hau moto, babur ɗin aiki, in je in gani da idona, in rubuta rapor zuwa ga direkta, ita kuma ta aika Maraɗi. Daga can ake yanke shawarar ko za a yi feshi. Direktarmu a lokacin Hajiya Rakiya ce, muna kiranta Madam. Ba ta da yawan magana, amma babu layin rapor da take tsallakewa.

Shekarar damina ta yi kyau. Gero ya yi ido, kowa ya fara gyaran rumbu, sai birgadiyen wani ƙauye da ke kusa da iyaka ya kira ni ya ce jan-baki sun sauka. Wanda bai taɓa ganinsu ba zai ce ai ƴan tsuntsaye ne da ba su kai tafin hannu ba. Amma in suka taso daga makwancinsu da safe sai ka ɗauka hayaƙi ne, kuma zangarniyar da suka sauka a kanta sai dai sunanta. Na bi su har inda suke kwana, wani kurmin bagaruwa a bakin tafki. A nan matsalar take. Ƙa'ida ta hana fesa maganin tsuntsu kusa da ruwan da ake sha, kuma tafkin nan shi ne mashayar shanun rugage uku. Na rubuta haka a rapor, amsa ta dawo yadda na zata: babu feshi, a ƙarfafa kora ta gargajiya. Ma'ana majajjawa da gwangwani da ihu. Sai ni ne zan je in gaya wa mutanen da suka yi kwana biyar suna ihu har muryoyinsu suka dishe cewa su ƙara ihu.

Gonar da ta fi kusa da tafkin ta wani dattijo ce, Mamman, mutum mai zafin rai da ƙwazon noma. Ina tsaye da shi bayan la'asar muna kallon ɓarna sai ga wani siririn mutum a kan moto, ya ɗauro wani abu mai faɗi a baya an lulluɓe da zane. Mamman ya yi tsaki.

"Ga shi nan kuma. Ƙanena ne, Isuhu. Yana gyaran radiyo da salula a kasuwar Gazawa. Ni na riƙe shi bayan rasuwar babanmu, na ba shi gona ya ƙi. Shekara arba'in da ɗoriya, yana nan yana wasan yara."

Isuhu ya gaishe mu, ya buɗe zanen. Tsuntsu ne, faɗin fikafikansa ya kai hannuwan babban mutum biyu in ya buɗe su. Da farin soson da ake naɗe firij da shi ya yi jikin, ya ƙarfafa fikafikan da tsagin gora, ya shafa masa launin shaho har da baƙin ido da rawayan baki. Ba shi da inji ko farfela. A ƙarƙashin cikinsa akwai wani ɗan bututu mai albarushi a ciki, irin wanda ake sayar wa masu wannan sha'awa a manyan birane, wani direba ya taho masa da shi. Shi ne rokar da ke cilla tsuntsun sama. In ya kai ƙarshen tashinsa sai ya baje yana shawagi a kan iska, mai shi kuma yana ƙasa da akwatin radiyo mai sanda biyu yana juya masa wutsiya.

"Yaya, ka bar ni in gwada sau ɗaya," in ji shi.

"Gwada. Mi ya rage da tsuntsaye ba su ci ba?"

Ni ban hana shi ba, don ban ɗauka abin zai tashi ba. Ya kafa wani ƙarfe a gefen gona, ya ɗora tsuntsun, ya ja da baya, ya haɗa waya biyu. Sai muka ji fuuu, hayaƙi ya turnuƙe, abin ya yi sama kamar kibiya. Can ya daidaita, ya fara kewaya gonar a hankali, inuwarsa tana bin kan gero. Jan-baki suka tashi gaba ɗaya, suka yi tafki. Masu ihu suka yi tsit.

Ba mu gama mamaki ba wata mata ta kwarma ihu. Tartsatsin rokar ya kama busasshiyar ciyawa a kan iyakar gona, wuta tana tafiya wajen gero. Da rassa da ƙasa da takalma muka kashe ta, Mamman ya ƙone a ƙafa. Da Allah bai tsare ba, abin da tsuntsaye suka bari wuta ce za ta gama da shi, har da gonakin maƙwabta. Na fuskanci Isuhu a gaban jama'a na gaya masa maganganu masu zafi. Na ce in na sake ganin ya kunna wuta kusa da gona ni da kaina zan kai shi jandarma. Ya ɗauko tsuntsunsa inda ya sauka, ya lulluɓe, ya tafi.

Amma aikinmu ya koya mana duba agogo. Na lura har aka kira magariba tsuntsayen ba su dawo gonar Mamman ba, alhali in ihu ne ya kore su ko minti goma ba sa yi. Da wannan na kwana a raina. Washegari da hantsi na tafi Gazawa na nemi rumfarsa.

Na same shi da buɗaɗɗiyar radiyo a gabansa. Ya ba ni benci, bai nuna mini fushi ba. Na ce masa maganar wuta tana nan yadda na faɗa, amma tsuntsunsa ya yi aiki. Ko akwai wata hanyar da za a tashe shi ba da wuta ba?

Ya ce, "Akwai ta ruwa, Malam. Na gani a salula, na taɓa gwadawa. Sai dai ba ta kai waccan nisa."

Ya jawo gorar roba ta lemo, babba, ya nuna mini. Ana zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, a toshe bakin da murfin da aka sa wa bakin tiyub na moto, a yi ta dura iska da famfon masu faci har gorar ta yi tauri. In aka ja igiya murfin ya saki, ruwan ya fito da ƙarfi ta ƙasa, gorar ta yi sama da tsuntsun a bayanta. In ƙarfin ya ƙare sai gorar ta rabu ta faɗo, tsuntsun ya ci gaba da shawagi. Ya ce shekara biyu yana gina wannan shahon, kuma shi ne na biyar. Huɗun farko duk sun karye. Ƴan injunan da ke motsa wutsiya, kowane bai fi akwatin ashana ba, daga motar wasa da ta lalace ya cire su.

Kafin komi na ce sai mun je wurin jandarma. Ku riƙe wannan: a bakin iyaka ba a tayar da abin da ke yawo a sama babu matuƙi ba tare da an sanar ba, komi ƙanƙantarsa. Komandansu ya juya tsuntsun sama da ƙasa, ya leƙa cikinsa, ya ƙwanƙwasa soson da yatsa.

"Babu kamara?"

"Babu, Komandan," in ji Isuhu.

"To. A kan gonakin nan kaɗai. Kada ya doshi kudu. Kuma kai malamin gona, kullum ka kira ni kafin ku fara da bayan kun gama. In ya ƙetare iyaka, ku biyu zan nema."

Gwajin farko a gonar Mamman abin dariya ya zama. Murfin ya ɓalle tun ba a ja igiya ba, ruwa ya wanke ni daga hula har takalmi. A na biyu gorar ta ƙi rabuwa da tsuntsun, suka faɗo tare. Isuhu ya zauna a ƙasa ya fere wani ɗan ƙugiya da reza, ya sake ɗaurawa. A na uku abin ya tashi, ya wuce kan itatuwan gawo, gorar ta faɗo, shaho ya baje fikafikai. Jan-baki suka watse.

Wahalar ita ce ba ya daɗewa a sama. Da safe, lokacin da tsuntsaye suka fi ci, iska ba ta da ɗumin da za ta riƙe shi, minti ɗaya zuwa biyu ya sauko. Dole a riƙa tayar da shi a kai a kai, kuma kowane tashi sai an yi famfo har gumi ya karyo. Magidanta suka raba aikin a tsakaninsu, mata suna kawo ruwa daga tafki. Isuhu ya rufe rumfarsa ya tare a ƙauyen. Kwana biyu Mamman yana zaune a gindin gawo da ƙafarsa a naɗe, yana kallo. A rana ta uku wani ya gaji da famfo, sai Mamman ya taso yana ɗingishi ya ture shi.

"Kauce, ba haka ake yi ba."

Daga ranar bai bar wa kowa famfon safe ba.

Kada ku ɗauka mun ci nasara gaba ɗaya. Jan-baki suna da wayo. Bayan mako guda suka fara gane cewa wannan shahon bai taɓa kama kowa ba. Sai su tashi kaɗan, su koma gonar gaba, su jira ya sauka. Isuhu ya sake masa launi, muka riƙa sauya wurin tashi, duk da haka kullum tsoron yana raguwa. Amma kwanakin da muka samu sun isa gero ya ƙosa. Na ba da shawara a yi girbi da wuri a shanya a gida. Gonakin da ke can gefen yamma, inda radiyo ba ta kaiwa, sun sha ɓarna sosai. Na kusa da tafki, waɗanda muka fidda rai da su, yawanci sun kai rumbu.

Yanzu ga inda nawa laifin yake. Da na zauna rubuta rapor na ƙarshe, sai na rubuta cewa sarwis ɗin noma na Gangara ya ƙirƙiro wata dabara ta korar tsuntsaye da shahon roba mai tashi da ruwa. Ban sa sunan Isuhu ba. Na gaya wa kaina wai ina kare shi ne daga yawan tambayoyin hukuma. Gaskiyar ita ce na shekara da yawa a daji babu wanda ya taɓa yaba mini, kuma na ga dama ta zo.

Madam ta karanta, ta aika Maraɗi. Bayan kwana kaɗan ta kira ni ta ce za ta zo da baƙi biyu daga can, suna so su gani da idonsu tun da sauran dawa a gona. Na aika wa Isuhu ya zo da kaya. Da motar ta tsaya, mutanen gari sun taru, na gabatar da maigari, na gabatar da birgadiye. Da na zo kan Isuhu sai na ce, "Wannan yana taimaka mana."

Aka zuba ruwa, Mamman ya yi famfo. Isuhu ya ɗauki akwatin radiyo, sai Madam ta ɗaga hannu ta dube ni.

"A'a. Lawali, tun da dabararku ce, kai za ka nuna mana."

Nan ne ya kamata in buɗe baki. Kalma biyar ta isa. Amma na dubi baƙin nan da littattafansu a hannu, na dubi jama'a, sai na miƙa hannu. Kwana goma ina kallon Isuhu yana yi, na ɗauka abu ne mai sauƙi. Ya ba ni akwatin, ya matso kusa da kunnena.

"A hankali, Malam. Kada ka ja sandar da ƙarfi. Shi ya san hanya, taɓa shi kawai ake yi."

Aka ja igiya, shaho ya tashi lafiya, gora ta faɗo. Na ga kamar hancinsa ya yi ƙasa, tsoro ya kama ni, na fizgo sandar har ƙarshe. Ya ɗaga kai sama, ya tsaya cak, ya juyo, ya taho kamar dutse. A kan reshen gawo ya faɗa. Mun ji ƙarar karyewar fiffikensa daga inda muke.

Isuhu ya tafi ya kakkaɓo shi da sanda. Fiffike ɗaya ya rabu biyu, kan ya fashe. Ya rungumo guntayen ya dawo, ya rusuna a gaban Madam.

"Hajiya, iska ce ta juya. Ko ni ke riƙe da shi haka za ta faru."

Sai na ji an jefar da famfo a ƙasa. Mamman ne.

"Wace iska? Ganye ɗaya bai motsa ba! Hajiya, ni ban iya zancen buro ba, amma abin ga ƙanena ya yi shi da hannunshi. Shekara biyu yana ferewa yana mannawa, ni ina zaginshi, gari na yi mashi dariya. Hatsin da ke cikin rumbuna yau, bayan ikon Allah, shi ne. Wa ke taimakon wa a nan?"

Isuhu ya sunkuyar da kai yana cewa, "Yaya, bari, Yaya." Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Na cire hula na ce, "Madam, gaskiya ya faɗa. Ba ni na ƙirƙiro ba, ban ma iya tuƙa shi ba. Abin da na yi kawai shi ne na hana wuta, na kai mu wurin komandan. Rapor ɗina ba daidai yake ba."

Madam ta dube ni na ɗan lokaci. Ba ta yi mini faɗa a gaban mutane ba. Ta ce, "Gobe ƙarfe takwas a buro." Daga nan ta juya ta zauna a kan tabarma kusa da Isuhu, ita da baƙin, suka fi awa guda suna yi masa tambayoyi, yana nuna musu cikin karyayyen tsuntsun, yadda waya ke bi daga inji zuwa wutsiya.

Washegari ta ba ni takardar neman bayani. Ga sababbi, takarda ce da shugaba ke ba ma'aikaci ya amsa a rubuce dalilin da ya sa ya yi abu, kuma tana shiga dosiyensa, fayil ɗin aikinsa, ta zauna. Tawa tana nan har yau, ita kaɗai ce a duk shekarun aikina. Ta ce in sake rapor ɗin daga farko. Da na kawo ta karanta ta sa hannu, sai ta ce, "Na san ba kai ba ne tun ranar da na karanta na farko. Mutumin da ya ƙera abu yakan rubuta sau nawa ya lalace masa. Naka babu ko ɗaya. Na so ka faɗa da bakinka kafin ka karɓi akwatin."

Ranar kasuwar Gazawa na ɗauki kofi ɗaya na sabon rapor na tafi rumfar Isuhu don in nemi gafara. Na tarar da su su biyu. Mamman yana zaune a kan benci ya riƙe fiffiken da hannu biyu, an manna ana jira ya bushe, Isuhu yana ce masa kada ya motsa. Na faɗi abin da ya kawo ni. Isuhu ya ce, "Ya wuce, Malam. Da ba ka zo rumfar ga ba ran nan, da yanzu yana rataye a ɗaki." Ya karɓi takardar ya karanta a hankali, don ya yi lakol har kolej. Mamman bai yi boko ba. Ya miƙo wuya.

"Ina sunan nashi?"

Na nuna masa. Ya saki fiffiken da hannu ɗaya ya ɗora yatsa a wurin.

"Har da na babanmu?"

"Har da shi."

Ya daɗe yana kallon layin. Sannan ya ce in samo masa tasa takardar, zai ajiye a gida. Isuhu ya ce, "Yaya, ka saki fiffike, zai karkace." Ya yi sauri ya mayar da hannu.

Abin da wannan ya koya mini game da aikinmu ba mai yawa ba ne, amma ya ishe ni sauran shekaruna. Mu malaman gona muna zuwa ƙauye da moto da takarda, muna ɗauka mu ke kawo sani. Sau da yawa sanin yana can kafin mu zo, a hannun wanda garin ke yi wa dariya, kuma aikinmu shi ne mu gane shi, mu cire masa abin da zai yi ɓarna, mu buɗe masa ƙofar da shi ba zai iya buɗewa ba. Wannan ma aiki ne, ba sai mun ƙara da na wani ba. Takardar rapor da za a ba ku tana da gurbin hekta, da gurbin irin ƙwaro, da gurbin maganin da aka fesa. Ba ta da gurbin sunan wanda ya yi aikin. Ku ja layi da biro a ƙasa ku rubuta shi.